Sararin da Muke Tsoro a Cikin Hoto (Zare) 🧵

1/
Jama'a, ku matso. Yau zare zan yi mai ɗan tsawo a kan abin da kusan duk mai waya yake gudu in zai ɗau hoto: wurin da babu komai. Sama zalla, bango zalla, yashi, ruwa, hazo. Da yawanmu muna ganinsa asara ce. Ni kuwa a wurina sau da yawa shi ne rabin hoton. Ku gyara zama.

2/
Turawa suna ce masa "negetif sifes". Ni a nan sarari zan riƙa kiransa, kalmar ta ishe mu. Kowane hoto yana da abu biyu: wanda aka ɗau hoton dominsa, mu ce masa jigo, da kuma wurin da ya kewaye shi. Wannan na biyun, in ya yi shiru bai da hayaniya, shi ne sarari.

3/
Ba dole ya zama fari ba fa. Bangon laka sarari ne. Gonar shinkafa kore shar daga nesa sarari ce. Duhun zaure, kwalta bayan an ɗauke ruwa, duk sun shiga. Sharaɗin guda ne: kada ya yi gasa da jigo wajen jan ido. Da zarar ya fara jan ido, to ya tashi daga sarari ya koma kishiya.

4/
Me ya sa muke tsoronsa? Ni dai abin da na lura, mun tashi ne cikin son cikawa. Ku tuna ɗakin amarya na da, jeren kwanuka tun daga ƙasa har sama. Ku tuna kalandar biki: ango, amarya, fure, zobe, tattabaru biyu, rubutu kala huɗu. A idonmu cika wadata ce, wofi kuma rashi. Da wannan idon muka riƙe kamara.

5/
Shi ya sa in aka ce a ɗau hoto sai kowa ya shigo, har da mota da janareta da kujerar roba. Ka gama ka duba: mutum goma sha biyu ga kaya ko'ina, amma ka rasa wa za ka kalla. Taron tsintsiya ba shara.

6/
Amma kada wani ya ce sarari baƙon abu ne da aka kawo mana. Ku kalli babbar riga. Aikin aska takwas ko aska biyu a wuya yake da wajen aljihu, ya fi nauyi a ɓangare guda. Sauran yadin, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, an bar shi haka nan. Da an cika rigar da aiki har ƙasa, wa zai ga askar?

7/
Haka tsakar gida. Ɗakuna a gefe, tsakiya fili. Wanda bai sani ba zai ce an ɓata fuloti. Alhali nan ake daka, nan ake shanya, nan ake shimfiɗa tabarma da daddare, ta nan iska ke shiga. Makaɗin kalangu ma ya san inda zai ɗaga hannu. Shiru ma magana ce, ai mu muka faɗa.

8/
Akwai kuma dalili a ƙwaƙwalwa. A 1915 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Denmak, Edgar Rubin, ya fito da wani zane da ya yi suna. Ka kalla ka ga kofi mai gindi, ka sake kallo ka ga fuskoki biyu suna duban juna. Zane ɗaya ne, amma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe biyun lokaci guda. Dole ɗaya ya zama jigo, ɗaya ya koma baya.

9/
Wannan aikin idon mai kallon hotonka yake yi, ƙiftawa da bisimilla, yana jan allo da babban yatsa. Tambayarsa: me zan kalla a nan? In ka bar sarari, ka amsa masa tun bai tambaya ba. In ka cika ko'ina, sai ya wuce abinsa. Kai kuma ka zauna kana cewa hassada ce ta hana a danna maka laik.

10/
A shekarun da na yi ina ɗauka, da waya da kuma wata tsohuwar kamara da na saya ta hannu, ayyuka uku na ga sarari yana yi. Yana nuna abin kallo. Yana faɗin girman abu. Yana sa zuciya ta ji wani abu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da hotunan da kowa zai iya nema a intanet.

11/
Na farko, nuni. Ku nemi J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya daga yankin jihar Edo ta yanzu. An haife shi 1930, ya rasu 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar kitson mata, bai fasa ba tsawon shekaru har ya tara hotuna kusan 1,000, baƙi da fari. Da yawa daga baya ko daga gefe ya ɗauka, fuskar ma ba ka gani.

12/
Ku duba bayan hotunan nan: ba labule mai fure, ba kujera, ba titi. Sai kitson ya miƙe kamar gini. Kana ganin kowace tsaga, kowane zare da aka naɗe. Abin da muke giftawa kullum a hanya ba mu waiwaya ba, ga shi duniya ta tsaya tana kallo. A 2013 an nuna su a babban baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya.

13/
Wannan ba maganar manyan masu hoto kaɗai ba ce, har aljihu tana taɓawa. Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra. Kwalabenta takan jera su a kan gado mai zanin fure, ga rimot ga caja a gefe. Ta ce mini, "Yaya, ana ta kallon sitatus ɗina amma ba mai magana."

14/
Muka samo farin kwali, muka jingina shi kusa da ƙofa da safe inda haske ke shigowa a hankali. Kwalba ɗaya tak muka ajiye, a ƙasan hoton, muka bar saman haka nan. Ta kalla ta taɓe baki: "Haba Yaya, ai sai a ce ban da kaya." Na ce ki dai sa shi.

15/
A sararin saman nan ta rubuta sunan turaren da kuɗinsa. Tambayar da ake mata ta tashi daga "wanne ne na sayarwan?" ta koma "kina aikawa Zariya?" Ban ce sarari ne ya sayar mata ba, turarenta mai kyau ne dama. Abin da ya yi kawai, ya kawar da tarkacen da ya tsaya tsakanin kayan da idon mai saye.

16/
Na biyu, girma. Hoto ba shi da ma'auni a jikinsa. Ba ka sanin abu babba ne ko ƙarami sai ka ga abin da ke kewaye da shi. Ranar 14 ga Fabrairu 1990, kumbon Voyager 1 na hukumar NASA ya juyo da kamara daga nisan kilomita kusan biliyan 6 ya ɗauki duniyarmu. Masanin taurari Carl Sagan ne ya matsa a yi hakan.

17/
A hoton, duniya ba ta kai ɗigon allo ɗaya cikakke ba. Sauran duhu ne da zirin hasken rana. Yanzu ku ɗauka an yi zum, an datse duhun nan don "kada wuri ya tafi a banza". Me za a samu? Wani ɗigo dishi-dishi da ba wanda zai kalla sau biyu. Duhun ne ya gaya mana ƙanƙantarmu.

18/
Mu dawo ƙasa, kusa da gida. A hamadar Tenere ta Nijar, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, an taɓa yin wata itaciyar ƙaya, dangin bagaruwa. Ita kaɗai ce, sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 100 ba ka ga wata ba. Matafiya da ita suke gane hanya, har a taswira an sa ta.

19/
Ba wata doguwa ba ce, irinta birjik suke a dazukanmu ba mai waiwayarsu. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge ta. Gangarta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

20/
Ku nemi tsofaffin hotunanta. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda mai ɗauka ya ja da baya ya bar yashi da sama suka cinye hoton. In ka matsa ka cika shi da rassa, ƙaya ka ɗauka kawai, irin ta bayan gidanku. Filin da ya kewaye ta shi ya ba ta suna.

21/
Haka in Allah ya kai ka gaban hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27 ta laka, ko Gobarau a Katsina. Durƙusa, ka ba ta sama mai yawa, ka jira mutum ɗaya ya gifta ta gindinta. Wannan mutumin shi ne awo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in dai ka ba shi abin gwadawa.

22/
Na uku, abin da zuciya ke ji. Fan Ho, haifaffen Shanghai a 1931, ya koma Hong Kong a 1949, ya rasu 2016. Yana da hoto na 1954 mai suna Approaching Shadow. Mace ɗaya tsaye can ƙasa a kusurwa, jikin wani dogon bango. Wata ƙatuwar inuwa ta raba bangon a karkace, kamar tana tunkaro ta.

23/
Matar ba ta ci ko kashi ɗaya cikin goma na hoton ba. Ba ka san ta ba, fuskarta ma ba ta fito sosai ba. Amma wallahi in ka kalla sai ka ji gabanka ya ɗan faɗi, kamar wani abu yana tahowa. Rufe bangon da tafin hannu ka bar matar ita kaɗai, ka ga ko za ka sake jin haka.

24/
Japanawa suna da kalma guda, "ma", ta tazarar da ke tsakanin abu biyu, a gini ne ko kiɗa ko zane. Ɗansu Hiroshi Sugimoto tun 1980 yake ɗaukar teku: rabi ruwa, rabi sama, ba jirgi ba tsuntsu. Shi ya kai abin ƙarshe, sararin ne ma ya zama jigon. Ba kowa zai so ba, amma ku gani ko don sani.

25/
Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki maganar nan da nauyi. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, muna da hotunanta masu yawa na biki da suna. Kullum tana tsakiyar jikoki, rabin fuskarta a bayan ɗankwalin wata, ko wani yaro ya ɗago hannu daidai hancinta.

26/
Wata rana da hunturu na same ta tana shan hantsi a tabarma, jikin bangon ɗakinta, da carbi a hannu. A gefe guda na tabarmar take zama, ba ta taɓa zama a tsakiya. Ɗaya gefen wurin Malam ne, kakanmu. Shekaru da rasuwarsa, amma zamanta bai canja ba.

27/
Na ja da baya, na sa ta a gefen dama na hoton, na bar sauran tabarmar da bangon. Ta ɗago ta harare ni: "Kai maigidan, ni kake ɗauka ko bango? Ko kishiya ka yi mini da shi?" Na ce, "Hajiya, ai ke ce uwargida, shi rakiya ya yi." Ta yi dariya, na ɗauka kafin da bayan dariyar.

28/
Bayan rasuwarta aka ce kowa ya turo hotunanta a zauren WhatsApp na gida. An turo da yawa. Wanda aka wanke aka rataye shi ne wannan. Baffana ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa yatsa a wurin da babu kowa a tabarmar ya ce, "Nan Malam yake zama." Mutum ɗaya na ɗauka, shi biyu ya gani.

29/
Da an matsa an cika hoton da fuskarta, da mun samu fuska mai kyau, da kuma wurin zaman Malam ya tafi. Hotunan da ke wayoyinmu yau, da su 'ya'yanmu za su san mutanen da ba su riska ba. Fuska kaɗai ba ta isa ta gaya musu yadda mutum ya zauna a duniya ba.

30/
To amma fa kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk hoto mai kyau sai da sarari ba. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948. Zani mai zane yake ratayawa a baya, mutum ya zo da atamfa mai zane, ga rediyo ga agogo ga babur. Zane kan zane, amma hotunan sun yi kyau har yau ana kallonsu.

31/
Hawan Daushe ma haka. Dawakai, 'yan lifidi, algaita, ƙura, jama'a har kan katanga: cikar ita ce gaskiyar ranar. Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi in ka ɗauke su wayam, ka yi musu ƙazafi. Wanda ya cika hoto da gangan daban, wanda ya cika shi don bai duba gefe ba daban.

32/
Kuma ka san wa kake yi wa aiki. A wani biki na nuna wa wani Alhaji hotonsa, yana ƙasa ga sama fetal a kansa. Ya dube ni ya ce, "Samari, kuɗin hoto cikakke na biya, ka kawo mini rabin sama?" 😂 Yana da gaskiyarsa: rigar da hular yake so a gani. A biki iri biyu nake ɗauka, sai na nuna masa ɗayan, muka rabu lafiya.

33/
Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba: sarari yana iya ruɗin mai kallo. Inuwar nan ta hoton Fan Ho, a ɗakin wanke hoto ya ƙara ta, ba a bangon take ba. Bajamushe Andreas Gursky ya ɗauki kogin Rhine a 1999, ya sa kwamfuta ya goge masu yawo da karnuka da ginin masana'anta, ya bar ciyawa da ruwa da sama.

34/
Wannan hoton, Rhein II, an sayar da shi a New York a 2011 kan dala miliyan 4.3. Eh, hoton da wani zai ce "ba komai a ciki". Su dai waɗannan fasaha suke yi, kuma yadda suka yi aikin sananne ne. Inda abin yake da haɗari shi ne hoton da ake ɗauka a matsayin labari.

35/
A Maris 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki wani yaro da yunwa ta kayar a Ayod, cikin Sudan ta Kudu ta yanzu, ga ungulu a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, ya samu kyautar Pulitzer a 1994. A hoton fili ne, yaro da ungulu, kamar ba ɗan Adam a kusa.

36/
Alhali akwai cibiyar raba abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kusa, ba ta shiga hoton ba. Yunwar gaskiya ce, hoton kuma ya sa duniya ta waiwayo. Amma kaɗaicin da mai kallo ya ji, iyakar hoton ce ta ƙara masa ƙarfi. Duk sararin da ka gani, wani ne ya zaɓi inda zai tsaya da abin da zai bari a waje.

37/
Mu ma muna gani lokacin kamfe. Wannan ya ɗau kujeru wayam tun kafin jama'a su iso, ya ce "ba wanda ya zo". Wancan ya shiga inda aka fi cunkoso ya matse hoton, ya ce "gari ya fashe". Ba wanda ya goge komai, kuma duka biyun sun ja ka. In ka ga irin wannan, tambayi kanka: me ke bayan mai ɗaukar?

38/
Haka in kai ne mai ɗauka. Ka ga almajiri ko yarinya mai talla, ka sa su su kaɗai a tsakiyar fili mai faɗi, to ka ce wa duniya ba su da kowa. Hoton zai yi kyau, zai samu laik. Amma gaskiya ce? Sun yarda ka ɗauka? Talaucin wani ba kayan ado ba ne a shafinka.

39/
To, yaya ake yi da waya? Na ɗaya: kamarar waya mai faɗin gani ce, duk abin da ke gabanta sai ta kwaso. Kafin ka danna, bar kallon fuskar mutumin, zagaya da ido kusurwa huɗu na allo. Leda, bokiti, wayar wuta, fal ɗin da ya tsiro a kan mutum. Abin da za ka iya ɗagewa ɗage shi, wanda ba ka iyawa kai ka matsa.

40/
Na biyu: ƙafa ta fi zum. Durƙusa ka ɗaga wayar, sama ta zama bangonka, cunkoson titi ya ɓace. Hau bene ko tudu ka sunkuyo, ƙasa ta zama bangonka. Taku uku zuwa hagu kan iya raba mutum da shagon caji da ke bayansa ya koma jikin katanga mai tsabta. Kyauta ne, ba data ba manhaja.

41/
Na uku: shiga saitin kamara ka kunna layukan nan masu raba allo gida tara. Sa jigo inda layi biyu suka haɗu, ka bar kashi biyu cikin uku ga sarari. Tsohuwar dabara ce: wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta a 1797 don masu zane, tun ba a ƙirƙiro hoto ba. Ba doka ba ce, mafari ce.

42/
Na huɗu: bar sarari ta inda mutum yake kallo ko yake tafiya. Mai keke ya nufi dama, ba shi hanya ta dama. Doki, raƙumi, yaro mai gudu, duk haka. In ka manna hancin mutum da gefen hoto, mai kallo zai ji ƙunci kamar an tare shi. In ƙuncin kake so a ji, to yi hakan da sani.

43/
Na biyar, wannan ya shafe mu sosai: haske. Kamara tana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. In ta ga farin sama mai yawa sai ta rage haske, baƙar fata ta koma duhu ƙirin. Taɓa fuskar a allo, ka ja alamar rana sama kaɗan har fuskar ta fito. Ko kuwa ka bar ta inuwa da gangan, in siffar jiki kawai kake so.

44/
Na shida: hunturu. Hazon da muke kuka da shi daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, shi ne labulen da ba ka saya ba. Yana shafe gine-gine da turakun waya na nesa ya bar fari. Masunci a kwalekwale a dam ɗin Tiga, mai keke da sassafe, bishiya ɗaya a gona. Goge idon kamara dai tukuna, ƙura ba ta da kunya.

45/
Na bakwai: tuna inda hoton zai je. Sitatus dogo ne, 9:16, kuma sunanka yana rufe sama, wurin amsa yana rufe ƙasa. In ka cika har baki, kan mutum ko farashin kaya zai shige ƙarƙashin rubutu. Masu sana'a, sararin nan shi ne allon tallanku: suna, kuɗi, gari, ba tare da kun rubuta a jikin kayan ba.

46/
Na takwas: dusasar da bayan hoto da waya ke yi ba ita ce sarari ba. Tana taimakawa, amma sau da yawa takan ci gefen ɗankwali ko kunne, kuma jan bokiti ko an dusasar da shi ja ne, ido zai je. Gyara wurin tsayuwarka ya fi ka bar wa waya ta yi maka shara.

47/
Na ƙarshe: kada sarari ya zama mafakar lalaci. Ɗan ƙaramin abu a tsakiyar fili ba dalili, wofi ne kawai. Ga gwajin da nake yi: in rufe sararin da hannu. In hoton bai rasa komai ba, in datse. In ya rasa girma, ko natsuwa, ko wani labari, in bar shi ko da za a ce rabin sama na kawo.

48/
Ga aikin gida na mako guda. Zaɓi abu ɗaya kowace rana: buta, kofin shayi, takalma a ƙofar masallaci, akuya a kan katanga. Ɗauki biyu, ɗaya a cike, ɗaya kuma kada jigon ya wuce kwata na allo. Nuna wa wani a gida ba tare da bayani ba, ka ga wanne ya fi daɗewa yana kallo, ka tambaye shi me ya gani.

49/
In kun gwada, ku ajiye nan ƙarƙashin zaren mu gani, zan duba iya iyawata. In da mutum a ciki, a nemi izininsa kafin a ɗora. Wanda kuma yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya ɗauke su a inda suka saba zama, da tabarmar da bangon da komai, tun suna nan. Allah ya ƙara musu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. 🙏🏾